Dabaibayin Sukari: Sirrin da Gyauron Dawa da Ganyen Baba Suka Haɗa

Duk yaron da ya taɓa riƙe sandar kiwo a Fakuwa, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, ya san dokar tun kafin ya san dalilinta: ba a barin shanu su faɗa wa gyauron dawa. Tohon da ke fitowa daga tushen da aka bari bayan girbi, da ƙaramar shukar da fari ya kama ganyenta ya yi yaushi, su ne abin gudu. Saniya lafiyayya sai ta ci, kafin a yi nisa ta fara haki, ta yi tangaɗi, ta zube. Wani lokaci ko wuƙa ba a samun damar sa mata. Amma dawar nan dai ita ce za ta girma ta fid da zangarniya, a sussuka a yi tuwo, a tara karanta dabbobi su ci har bazara, ba abin da zai same su.

Idan guba tana cikin ganyen, me ya hana ta kashe dawar da ke ɗauke da ita?

Marini ma yana da tambaya irin wannan, sai dai tasa ta launi ce. Ganyen baba kore ne shar. A ɗaga shi a rana, a juya shi ciki da bai, ba za a ga ɗigon shuɗi ba. Amma daga cikinsa ake samun baƙin shuɗin da ya kai sunan Kano har bayan Sahara. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya taso daga Katsina ya bi ta Kusada ya shiga Kano a farkon watan Fabrairu na 1851, ya ga yadda rinannen tufafi ya zama ƙashin bayan kasuwancin birnin, ana kai shi ƙasashen Buzaye da gaba da su. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har yau. To ina shuɗin yake ɓuya a cikin koren ganye?

Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce. Tsiro yana ɗaukar sinadari mai haɗari, ko mai saurin lalacewa, ya ɗaura masa ƙwayar sukari guda. Da zarar sukarin ya hau, sinadarin ya natsu: ba ya cizo, ba ya rikiɗa, yana narkewa a ruwa, ana iya ɗaukarsa a kai shi ma'aji. Sukarin ya zame masa dabaibayi. Masu wannan ɗauri wasu furotin ne da ake kira enzayim, wato ma'aikatan da ke gaggauta haɗuwar sinadarai a jikin mai rai ba tare da su kansu sun ƙare ba. Dangin da ke ɗaura sukari a kan ƙananan sinadaran tsiro, masana suna taƙaita sunansu da haruffa uku, UGT. A wannan sharhi za a kira su maɗaura.

A fara da dawa, domin ita ce aka fi sanin labarinta. A 1902 wasu masana biyu a Landan, Wyndham Dunstan da Thomas Henry, suka tace sinadarin daga ƙaramar dawar da aka kawo musu daga Masar, suka raɗa masa suna dhurrin, daga sunan dawa a Larabci. Dawa tana ƙera shi ne daga tirosin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Enzayim biyu ne suke fara aikin, suna sassaƙa tirosin har ya koma wani abu mai ɗauke da sayanaid, gubar da ke hana jiki amfani da iskar da ya shaƙa. Wannan abu ba ya zama. Idan aka bar shi, da kansa yake tsinkewa ya saki gubar a cikin ganyen. Nan ne na ukun yake shigowa, maɗauri mai lamba UGT85B1, ya cafe shi ya ɗaura masa sukarin gulukos. Daga nan a kai shi wata jaka da ke cikin ƙananan ɗakunan da ganye ya ƙunsa, a ajiye kamar hatsi a rumbu. A kan tsinin tsiron da bai daɗe da fitowa ba, abin da aka tara yakan kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa idan an busar.

Mai kwance dabaibayin kuwa, wani enzayim ne dabam, kuma ba a ajiye shi wuri ɗaya da gubar ba. Binciken da aka yi a 1979 ya nuna gubar tana fatar ganyen ne, mai kwancewar yana cikin tsokarsa. Muddin ganye yana tsaye lafiya, ba za su gamu ba. Haƙorin saniya, ko bakin fara, shi ke rushe katangar da ke tsakaninsu. Sukari ya fita, sayanaid ya tashi. Shi ya sa shanu da tumaki da awaki suka fi jaki da doki shiga haɗari: tumbin mai tuƙa ba shi da tsami sosai, ga kuma ƙwayoyin halittar da ke cikinsa suna taya kwancewa, alhali tsamin cikin jaki yana raunana enzayim ɗin. Kuma shi ya sa haɗarin yake raguwa idan shuka ta yi tsawo, domin gubar tana sirkuwa a cikin yawan ganye da kara. Ƙwayar dawar da ta nuna kusan ba ta da komai. Fari da yawan takin zamani mai naitirojin su ke ƙara tara ta.

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin wannan hanya shi ne Birger Lindberg Møller na Jami'ar Kofanhegan a Denmak. A 1999 shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera maɗaurin dawa. A 2001 suka kwashe ƙwayoyin gadon nan uku suka dasa a cikin wata 'yar ciyawa da masana ke gwaji da ita, mai suna Arabidopsis. Ciyawar ta fara yin gubar dawa, wani ƙwaro da ya saba cin ganyenta ya ƙaurace mata. Gwajin da ya fi faɗakarwa shi ne wanda aka sa enzayim biyu na farko kawai, aka bar maɗaurin: tsiron ya tsumbure. Haka dawar da aka samu maɗaurinta ya lalace, wadda aka ba da rahotonta a 2016, ta fito gajera, saiwarta ba ƙarfi, ba ta yin ƙwaya sosai. Ashe ba don saniya kaɗai aka yi dabaibayin ba. Dawar kanta ita ce ta farko da yake karewa.

Labarin baba ya bi wannan sawu. Ganyen yana yin wani sinadari mai suna indoksil, wanda da ya haɗu da iska sai biyu-biyu su manne su zama shuɗin da ba ya narkewa a ruwa. Da hakan zai faru a cikin ganye mai rai, da ya cutar da shi. Sai maɗauri ya rufe wa indoksil baki da gulukos, ya koma indikan, marar launi, mai kwanciya lafiya a rumbun ganye. Edward Schunck na Mancesta ne ya sa masa wannan suna a 1855. Duk abin da manomin baba yake yi bayan yanka, tun daga tara ganyen ya ɗau zafi, zuwa daka shi, zuwa dunƙula shi curi-curi a shanya, hanya ce ta rushe katangar nan don mai kwancewa ya kai ga indikan, iska kuma ta ƙarasa aikin. A karofi sai a bi wata hanyar: toka da ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a ruwan suna mai da shuɗin ya narke, ya yi ruwan ɗorawa-kore, ya shiga zare. Shi ya sa tufa take fitowa daga rami koriya, sannan ta rine a idon mai kallo. Marinin da ke duban kumfa da sunsunar rami ya san ranar da baba ya kama, ilimin sinadarai yake yi, ko bai taɓa jin sunan indoksil ba.

Yaya ɗaurin kansa yake gudana? Sukari tsirara ba ya hawa kan komai, sai an ɗora shi a kan wani ɗan dako mai suna UDP, wanda ke riƙe shi da igiya mai saurin kwancewa. Luis Leloir, masani ɗan ƙasar Ajantina, shi da abokan aikinsa suka gano wannan haɗi na UDP da gulukos a 1950, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1970. Maɗauri dillali ne tsakanin ɓangarori biyu: mai kawo sukari, da mai karɓa. Ba ya ƙara komai nasa a cikin kayan. Aikinsa ya zaunar da su gab da juna, kowa a mazaunin da ya dace, har ciniki ya faɗa.

An daɗe ana jin aikinsa kafin a ga siffarsa. Ƙwayar gadon maɗaurin tsiro ta farko da aka ware ta fito ne daga masara a 1984, a hannun Nina Fedoroff da abokan aikinta a Amurka. Wannan ƙwayar gado ce ke sa launin ƙwayar masara ya tsaya ja ko shunayya, idan ta lalace sai masarar ta yi ruwan tagulla. Siffar kuwa sai a 2005 aka fara ganinta, lokacin da masana a Oklahoma suka daskarar da wani maɗauri daga dangin alfalfa ya zama kamar ƙwayar gishiri, suka haska shi da hasken eksire suka zana inda kowane tubali yake. Shekara guda bayan haka, a Jami'ar York ta Ingila, aka zana na inabi, wanda ke ɗaura sukari a kan jan launin 'ya'yan.

Abin da aka gani ya yi kama da mangala a bayan jaki. Zare ne guda mai tubalan amino asid wajen 450 zuwa 500, ya naɗe ya yi aljihu biyu, da tsaga a tsakani. Aljihun baya na ɗan dako ne da sukarinsa. Na gaba na mai karɓa ne. A bakin tsagar akwai tubali ɗaya, histidin, wanda ke zaune kusa da farkon zaren, a wajen lamba 20, da wani mai suna aspartat da ke tokare shi ta baya. Histidin yana fizge ƙwayar haidirojin daga hannun mai karɓa, wato daga ƙwayar oksijin da ke jikinsa. Oksijin ɗin da aka bari da yunwa sai ya kai wa sukarin cafka ta bayansa, daidai lokacin da ɗan dako yake sakinsa ta gaba. Saboda an kama ta baya, mahaɗin yana juyewa, kamar lema da iska ta birkice. Wannan juyin ba ƙaramin abu ba ne. Enzayim masu kwancewa da ke jira a ganyen dawa da na baba, irin wannan ƙullin kaɗai suka iya warwarewa. Mai ɗauri da mai kwancewa zarge ɗaya suka sani.

Sanin sukarin da za a ɗauka shi ne rabin da ya fi sauƙi. A aljihun baya akwai jerin tubali 44 da suke kusan iri ɗaya a duk maɗauran tsirrai, daga dawa zuwa inabi. Abin sha'awa ga mai karatu a nan shi ne, a jikin rogo aka fara bayyana wannan jeri, a 1994, a aikin wasu masana biyu masu suna Hughes a Jami'ar Newcastle, lokacin da suke neman enzayim ɗin da ke ƙera gubar rogo. Tun daga nan jerin ya zama kamar tsagar gado: duk inda aka gan shi a cikin ƙwayoyin gadon wani tsiro, an san maɗauri ne. Tubalin farko yana kwanciya a kan ɗan dako ya danne shi, na ƙarshe-ƙarshe suna riƙe sukarin ta gefensa. Gulukos da ɗan'uwansa galaktos ba su bambanta da komai ba sai fuskar da hannu guda ya kalla, a kan kabon na huɗu. A 2004 masana a Japan suka ɗauki wani maɗaurin galaktos suka canza masa tubali ɗaya tak, na ƙarshen jerin, sai ya fara ɗaukar gulukos. Da suka gwada akasin haka a kan mai ɗaukar gulukos, bai koma na galaktos ba. Ko a rabin mai sauƙin ke nan, tubali ɗaya ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Aljihun gaba shi ne inda gardama take. Tsirrai suna yin dubun dubatar sinadarai, kowanne da siffarsa, amma 'yar ciyawar Arabidopsis maɗaura ɗari da 'yan kai gare ta. Babu yadda za a yi kowane sinadari ya sami nasa shi kaɗai. Tsohon misalin da ake koyarwa a aji, na kwaɗo da mabuɗi, bai zauna daidai a nan ba. Aljihun gaba yana da faɗi, bangonsa mai maiƙo ne marar son ruwa, bakinsa kuma igiyoyi ne masu lanƙwasa da ke bambanta daga wannan maɗauri zuwa wancan. Ba ya riƙe baƙo da ƙugiya da yawa. Abin da yake nema shi ne baƙon ya iya zama ta yadda hannu ɗaya zai miƙa daidai gaban histidin, a nisan da ya dace da sukarin. Duk wanda ya iya wannan zama, an ɗaura masa.

Shi ya sa masana da yawa suke ganin maɗauri ya fi sanin wuri a kan sanin mutum. A 2004, a ɗakin binciken Dianna Bowles a York, an gwada maɗauran Arabidopsis 91 da sinadari guda, kwasetin, wanda ake samu a albasa da ganyaye masu yawa, kuma yana da hannuwa biyar da za a iya ɗaura wa sukari. Guda 29 suka karɓe shi. Amma ba wuri ɗaya suka ɗaura ba: wani ya zaɓi hannu na uku, wani na bakwai, wani ya ɗaura biyu. Sinadari ɗaya, sakamako iri-iri, kuma kowane sakamako da halinsa wajen narkewa da ɗanɗano da yadda hanji ke tsotsarsa. Maɗaura biyu da jerin tubalansu ya yi kama sosai suna iya saɓawa a zaɓi, biyu da suka yi nisa da juna kuma su yi aiki ɗaya.

Maɗaurin dawa ma haka yake. A kwalbar gwaji yana ɗaura sukari a kan abubuwan da ba ruwansa da su a gona, har da jeraniyol, mai ƙamshin da ake samu a wasu ciyayi. Amma a wani fannin yana da tsantseni ƙwarai. Sinadarin da yake karɓa yana iya zuwa a siffa biyu, kamar tafin dama da na hagu, gubar dawa kuwa kullum siffa ɗaya ce. Ɗaya siffar a tohon gora ake samunta, da wani suna dabam. To me ya hana shi ɓata lokaci a kan baƙi a cikin ganye? A 2016 ƙungiyar Møller ta nuna cewa enzayim ukun ba a warwatse suke ba. Suna haɗuwa su manne a jikin wata fata a cikin ɗakin ganye, na farko ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa maɗauri, kamar masu miƙon tubali a wurin gini. Abin da ke tsinkewa da kansa ba ya samun sararin faɗuwa ƙasa. Wannan ita ce amsar da ta fi gamsarwa a kan tambayar gane abokin aiki: siffar aljihu tana da nata rabo, amma inda aka tsayar da maɗauri, da lokacin da aka ƙera shi, da wanda ke kusa da shi, su ne ke cike sauran. Wanda ya auna enzayim a kwalba kawai ya ce ya san aikinsa a gona, ya yi gaggawa.

Da mutum ya fahimci wannan, sai ya riƙa ganinsa ko'ina a kasuwar ƙauye. Matar da ta kwaɓa lalle ta bar shi ya ɗan kwanta kafin ƙunshi, jira take sukari ya sauka daga kan sinadarin da ke kama fata. Jan zoɓo launi ne da aka ɗaura wa sukari biyu a jere, gulukos sannan zailos a kansa, kuma su ne ke taimaka masa ya narke a tulu bai kwanta ba. Filasko da ake sha don wankin ciki ba ya aiki nan take, sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu, domin sinadarinsa yana wuce ciki da ƙaramin hanji a ɗaure, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su kwance shi. Gurza rogo da matse shi da barinsa ya yi tsami kafin a soya garin kwaki, duk don a tilasta wa gubar ta fito ta bi iska tun kafin ta kai baki. Haka mai yin tsiron dawa don kunu: gubar tana taruwa ne a toho da saiwar tsiron, kuma murje su a fece bayan shanya yana rage mafi yawanta.

Akwai kuma wanda ya fita daban. Jan karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, launinsa galibi ba ya ɗauke da sukari ko kaɗan, amma yana jure rana da zafi fiye da jan zoɓo, saboda ginin jikinsa ya rasa hannun nan da ke sa sauran launukan saurin lalacewa. Ba kowane sinadari ne ke buƙatar dabaibayi ba.

Jikin ɗan Adam ma yana da nasa maɗauran, a hanta. Su ne ke ɗaura wani dangin sukari a kan magunguna da dattin jini don a fitar da su. Shawarar da ke kama jarirai da yawa a kwanakin farko tana da nasaba da cewa maɗaurin da ke wannan aiki bai gama ƙarfi ba tukuna.

Me ya sa kamfanoni suke zuba kuɗi a wannan bincike? Domin ɗaura sukari a wuri guda tak, a bar sauran hannuwa, aiki ne mai wahala da tsada idan da sinadaran masana'anta za a yi shi, maɗauri kuwa yana yinsa a ruwa, a ɗumin ɗaki. Ganyen sitibiya na Kudancin Amurka, wanda ake zaƙaƙa lemo da shi a madadin sukari, misali ne. Maɗaura huɗu ne ke jera gulukos a kan ƙashin sinadarinsa, kuma yawan gulukos ɗin da wurin da ya hau su ke raba mai zaƙi da ɗaci-ɗaci da mai zaƙi tsantsa. A 2019 aka zana siffar ɗaya daga cikinsu, UGT76G1, kuma a yau ana ƙera irin mai daɗin a manyan tukwanen yis. A 2018 wasu masana a Oxford suka fitar da manhajar kwamfuta da ke hasashen wane maɗauri zai karɓi wane sinadari, bayan sun ciyar da ita sakamakon gwaje-gwaje masu yawa. Irin waɗannan manhajoji suna rage lalube, amma har yanzu sai an koma kwalba an tabbatar.

Wanda ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne na shuɗi. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban masana'anta a 1897, noman baba ya shiga ja da baya a duniya, har guguwar ta iso nan, karofi da yawa a garuruwan Katsina da Kano suka cike da ƙasa. Baban masana'anta daga man fetur ake samo tushensa, kuma sai an zuba masa hoda mai ƙarfi kafin ya narke, ruwan da ake zubarwa bayan rini yana ɓata rafuka. A 2018 John Dueber na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da abokan aikinsa suka ɗauko maɗaurin wani tsiron rini na Japan, suka zana siffarsa, suka sa shi a cikin bakteriya ta riƙa ƙera indikan. Sai a jiƙa zare da indikan, a zuba mai kwancewa, shuɗi ya fito a jikin zaren ba tare da hodar nan ba. A 2024 ƙungiyar Ditte Welner a Denmak ta gyara wannan maɗauri ya ƙara juriya, ta kuma nuna ana iya kwance sukarin da haske. Dabarar da ganyen baba yake yi tun fil azal ita ce masana'antar wandon jins take ƙoƙarin koya yanzu. Maɗauran baban da ake nomawa a ƙasashe masu zafi, dangin namu, masana a Japan ne suka bayyana su a 2017.

Wannan jimla ta ƙarshe ya kamata ta dami mai karatu. Dawa abincinmu ce, Nijeriya tana cikin manyan masu nomanta a duniya, amma a Kofanhegan aka warware yadda take ƙera gubarta. Rogo namu ne fiye da kowa wajen yawan noma, a Newcastle aka karanta tsagarsa. Ba laifin waɗanda suka yi aikin ba ne, sun kyauta. Sai dai tambayoyin da suka fi damun manomin Fakuwa ba su ne a gabansu ba: tsakanin kaura da farfara da sababbin irin da ke fitowa daga Samaru, wanne gyauronsa ya fi haɗari, a wane tsawo ne haɗarin yake sauka a irin ƙasarmu mai jigawa, kuma kwana nawa bayan saukar ruwa a kan shukar da ta sha fari za a iya sakin dabba? Auna sayanaid a ganye ba ya buƙatar na'urar eksire. Takarda ce da aka jiƙa da sinadarin fikret, a rataya a kwalba tare da dakakken ganye, ta juya daga rawaya zuwa ja gwargwadon gubar. Ɗalibin digirin farko zai iya.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ita ce ke da alhakin inganta dawa a ƙasar nan, cibiyar binciken dabbobi ta Shika tana kusa da ita, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma maƙwabciyar Kankiya ce, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Malaman sinadaran halitta da na aikin gona a waɗannan wurare su turo ɗalibansu gonakin Kankiya da Kusada su auna irin dawar da mutane ke shukawa, su tattara irin baban da ya saura a hannun tsofaffi kafin ya ɓace, sannan su mai da sakamakon cikin Hausa ga malaman gona da makiyaya. Kafin nan, mai dabba ya tsare ta daga dawar da ba ta wuce gwiwa ba da duk tohon bayan girbi, idan kuwa ta ci ta fara haki, a nemi likitan dabbobi nan take, domin akwai allurar da ke karya wannan guba idan an yi ta da wuri.